Eriyar Da Na Sauke A Bayan Riruwai

Ba zan faɗi sunana ba. Kunyar da za a ji na riga na ji ta a gaban alƙali da gaban mahaifiyata, amma akwai yayana, wanda har yau sunan gidanmu yake yi masa nauyi a cikin mutane, shi nake karewa. Abin da nake so ku sani, ku matasa masu tasowa, shi ne ni ɓarawo ne da ban taɓa haura katanga ba, ban taɓa fasa ƙofa ba. Duk inda na yi sata da sallama na shiga, aka amsa mini, wani wurin har da kawo mini ruwan sha.

A Kiru aka haife ni. Mahaifinmu manomi ne, dawa da masara da ɗan lambun tumatir a bakin fadama. Ya rasu ina aji uku na sakandare, ya bar ni da yayana Habibu da ƙannenmu mata biyu a hannun Inna. Inna daddawa take yi, a kai mata kasuwa. Ba mu da wadata, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, don haka ba zan ɗora laifina a kan talauci ba. Na yi makarantar allo, na san halal na san haram. A unguwa ana cewa ina da hannu, duk wanda rediyonsa ta mutu ko tocilarsa ta ƙi kamawa ni yake kawo wa.

Yaya Habibu ya girme ni da shekara tara. Ya daɗe a Kano yana koyon aikin haɗa intanet, daga baya ya dawo ya buɗe ɗan shago a Kwanar Dangora. Aikinsa sa wa mutane waifai a gidaje da shaguna da makarantu. Idan wuri sabis ba ya isa sosai, sai ya kafa dogon bututun ƙarfe, ya ɗaura eriya a samansa ta kalli ƙarfen sabis da ke nesa, ya jawo waya zuwa ɗaki, ya jona ta da wata 'yar na'ura da muke kira rauta. Ita ce mai raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci. A wannan yanki namu masu irin aikin ba su da yawa, don haka daga Bebeji har Tudun Wada da Doguwa shi ake nema.

Da na gama sakandare sakamakona bai yi kyau ba, sai ya ɗauke ni. Ya koya mini hawan ƙarfe, da yadda ake juya eriya a hankali har sabis ya cika, da yadda ake matse bakin waya. Ya ɗinka mini riga irin tasa, mai ruwan ɗorawa, da sunan shagon a baya. Ranar da ya ba ni ita ya zaunar da ni a kan benci ya ce, "Ka ga aikin nan, rabinsa amana ce. Za a shigar da kai inda ba a shigar da baƙo. Idan ka sa wa mutum lambar sirrin waifai ɗinsa, ka rubuta a takarda ka ba shi, kai kuma ka manta da ita."

Na ce, "To, Yaya."

Shekara ɗaya na yi ina aikin da gaskiya, kuma ita ce shekarar da na fi jin daɗi a rayuwata. Ana kirana Injiniya. Inna tana alfahari da mu biyun idan muka fita da safe a kan mashin ɗaya, tsani a ɗaure a gefe.

Abin ya fara ne da lambar sirri guda ɗaya. Akwai wani mai kemis a Kiru da muka sa wa waifai, shagonsa yana jikin teburin mai shayin da muke zama da abokaina bayan la'asar. Wata rana ana buga ƙwallo, babu mai data a cikinmu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kai fa ka haɗa wa Alhaji abin nan. Ba mu lambar mana mu kalli wasa, me zai ragu?" Na karɓi wayarsa na sa masa. Kafin a tashi wasa wayoyi shida sun hau. Ranar ba a bar ni na biya shayi ba, kuma yadda suke kallona ya yi mini daɗi.

Bayan kwanaki mai kemis ya kira Yaya yana ƙorafi datarsa tana ƙarewa kamar ana kwasa da kwano. Muka je tare. Yaya ya duba ya ga baƙin wayoyi a kai, ya canza lambar, ya ba mutumin haƙuri. A hanya ya tsayar da mashin ya juyo ya dube ni.

"Kai ka bayar?"

"Wallahi ba ni ba ne, Yaya."

Ya ce, "Shi ke nan, tunda ka rantse." Ya tayar da mashin. Wannan ita ce rantsuwar ƙarya ta farko da na yi masa, kuma abin da ya cuce ni shi ne da na ga ta wuce lafiya. Ba a yi sati ba na sake bai wa abokaina sabuwar lambar, wannan karon kowa ya ɗan sa mini wani abu a aljihu.

Daga nan na fara ajiye lambobin mutane a wayata. Duk gidan da muka sa wa waifai, sai in zagaya in nemi samarin da ke zama a ƙofar gidajen maƙwabta in sayar musu. Ina gaya wa kaina ai iska ce nake sayarwa, ba na taɓa kayan kowa. Sai na ƙara gaba. Lokacin Yaya ya fara tura ni aiki ni kaɗai, sai in bar bakin waya a sake da gangan, yadda bayan kwana biyu abin zai tsaya. A kira ni, in je in yi ta dube-dube ina girgiza kai, in matse abin da na sassauta, a biya ni ladan gyara, har da godiya.

A nan na haɗu da Gambo. Yana da rumfar sayar da tsofaffin kayan lantarki a can bayan tashar Kwanar Dangora, mutum ne mai fara'a, ba ya tambayar inda kaya suka fito. Wata rana na je sayen caja, ya jawo ni gefe ya nuna mini wata tsohuwar rauta da aka goge ta tas.

"Idan ka sa wa mutumin ƙauye wannan, ka kawo mini sabuwar da ya saya, ta ina zai gane? Fitila ce ke kamawa, wannan ma tana kamawa."

Na ce masa ina tsoro. Ya yi dariya ya ce tsoro na rana ɗaya ne. Gaskiya ya faɗa. Na yi wa wani mai shagon cire kuɗi a Bebeji haka, na yi wa wata makarantar kuɗi a Tudun Wada. Idan tsohuwar rautar ta mutu suka kira shago, Yaya ne yake zuwa da kunya ya canza musu daga aljihunsa, yana ta mamakin yadda kayan da yake saya da hannunsa suke lalacewa da wuri. Har ya daina sayayya a wurin wani dillalinsa na Kano da suka yi shekaru tare, yana zargin shi ke ba shi jabu. Ina zaune a shagon ya yi wa mutumin magana mai zafi a waya, ban ce uffan ba.

Na sayi babbar waya, na sayi takalma, na fara cin kaza a bakin titi. Inna ta taɓa tambayata daga ina, na ce aikin gefe nake samu. Ta ce, "Allah ya sa na halal ne." Na ce amin da ƙarfi.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa nake wannan rubutu.

Akwai wani ƙauye a bayan Riruwai, a ƙasar Doguwa, cikin duwatsu. Sabis ba ya shiga garin ko kaɗan. Mai son yin waya sai ya yi tafiya mai nisa, ya tsallaka rafi, ya hau wani tudu. 'Yan garin da ke neman abinci a kudu suka haɗu suka sayi kaya masu kyau, eriya babba da rauta da sola da batir, suka ba Yaya aikin. Kwana uku muka yi muna kafa ƙarfen a jikin ɗakin shan magani na garin. Mai kula da ɗakin, Malam Isiyaku, shi ya sauke mu a gidansa, matarsa tana yi mana tuwon masara safe da yamma.

Ranar da sabis ya kama, garin kaf ya taru a gindin mangwaron da ke ƙofar ɗakin shan maganin. A cikinsu akwai wata tsohuwa da ake kira Iya Tasalla, tana dogara sanda saboda ciwon ƙafa. Ɗa guda ya rage mata a duniya, sunansa Lawan, yana sayar da albasa a Fatakwal, ya yi shekara biyu bai zo gida ba. Ya aiko mata da waya tuntuni, amma tana ajiye a ƙasan adaka don babu inda za ta yi amfani. Malam Isiyaku ya karɓa ya jona mata, ya kira. Da fuskar Lawan ta bayyana a jikin gilashin, tsohuwar ta yi sauri ta gyara mayafinta kamar baƙo ya shigo, ta rufe baki da hannu. Daga baya ta ce, "Ka rame, Lawan. Ba ka cin abinci ne?" Mutane suka yi dariya, wasu mata suna share ido.

Tun daga ranar Lawan ya mayar da ita al'ada, duk Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ya kira. Ita kuma tun hantsi take zuwa ta shimfiɗa tabarmarta a gindin mangwaron. Na san wannan, domin na koma garin sau biyu duba kayan, kuma duk zuwan sai ta sa mini albarka.

Bayan wasu watanni, damina ta yi nisa, Gambo ya kira ni ya ce ya sami mai neman irin wannan babbar eriyar, da rautarta da batirinta, kuma a shirye yake. Na ce masa guda ɗaya na sani, kuma ta gari ce. Ya ce, "Garin da ke bayan dutse? Kafin su fito su yi magana an yi wata. Ka ce ta ƙone a wurin gyara." Na kwana biyu ina juya maganar. Ban yi tunanin kowa a garin ba, sabon mashin nake hangowa.

Ranar wata Alhamis da hantsi na sa rigar shago, na ɗauki mashin ɗin Yaya na ce masa zan je Tudun Wada duba wani aiki. Na zarce ƙauyen nan na bayan Riruwai, na tarar da Malam Isiyaku yana wanke wa wani manomi ciwo. Muka gaisa, na ce masa kamfanin da ya yi kayan ya ce a kawo su a sabunta musu wani abu, in ba haka ba za su ƙone.

Ya ce, "Ikon Allah. Habibu bai gaya mini ba. Bari in kira shi in ji."

Na ce, "Kira shi mana, Malam." Amma tun shigowata na riga na zare wayar da ke bayan rautar. Ya yi ta gwadawa kiran bai shiga ba. Na ce, "Ka gani ko? Abin har ya fara." Sai ya yarda. Shi da kansa ya riƙe mini tsani na hau na kwance eriyar.

Ina ɗaure kayan a bayan mashin sai ga Iya Tasalla ta taho da sandarta. Ta tsaya tana kallon ƙarfen da babu komai a kansa.

"Ɗan nan, ina za ka kai mana ita? Gobe fa Juma'a."

Na ce, "Iya, gyara za a yi. Juma'a ɗaya ce za ki rasa. Jibi zan dawo da ita."

"Jibi?"

"Jibi, in Allah ya yarda."

Ta ce in jira. Ta koma gida a hankali, ni kuma ina tsaye ina jin kamar in gudu. Ta dawo da dafaffiyar gyaɗa a ƙulle a leda, ta ce in ci a hanya, tafiyar da nisa. Na karɓa na yi godiya. Kuma na ci. A bakin rafi na tsaya na cinye ta, sannan na tura mashin na tsallaka. Kafin la'asar kayan suna hannun Gambo.

Abin da ya biyo baya a kotu na ji shi, daga bakin Malam Isiyaku. Jibi ta zo ban koma ba, suka ce wataƙila ruwa ne ya hana ni, don a kwanakin an yi ta tafka ruwa har rafin ya cika ya hana tsallakawa. Suka yi ta jira. Iya Tasalla ta zo gindin mangwaro Juma'ar farko duk da ta san babu, ta zo ta biyu. Sai da aka kwana tara ruwan rafi ya ja, Malam Isiyaku ya tattara wayoyin mutane a jaka, har da ta tsohuwar, ya tafi Doguwa don ya duba musu saƙonni ya kuma kira Yaya. Yana shiga inda sabis yake wayar Iya ta fara ƙara ba tsayawa. Saƙonnin murya ne daga Lawan. Zazzaɓi ya kama shi tun daren Alhamis ɗin, aka kai shi asibiti. Ya yi ta kira bai samu ba, ya yi ta aiko da saƙo. Na ƙarshe ba muryarsa ba ce, ta abokin sana'arsa ce, yana sanar da cewa Lawan ya rasu, sun nemi gida sun rasa, sun yi masa sutura a can.

Malam Isiyaku ya kira Yaya daga nan inda yake tsaye. Yaya ya ce bai san da wani gyara ba. Mai garin ya kai ƙara. Da yake sunan shagon Yaya ne a jikin rigar da na sa, kuma shi aka ba aikin, shi 'yan sanda suka fara ɗauka. Labari ya bazu. Mai shagon Bebeji ya fito, masu makarantar Tudun Wada suka fito, kowa ya kawo tsohuwar rautar da na sa masa.

Ni lokacin na tsere Zariya, ina ɗakin wani abokina. Ƙanwata ta kira ni tana kuka, ta miƙa wa Inna wayar. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yayanka yana tsare a kan abin da bai yi ba. Ka zo ka fitar da shi." Na ce ina zuwa. Na kashe wayar na cire layin. Kwana bakwai Yaya ya yi a tsare ina sane, matarsa tana da tsohon ciki. A duk abin da na aikata, wannan da gyaɗar tsohuwar nan su ne ba na iya tunawa in ci abinci.

Ba tuba ce ta dawo da ni ba, gara in faɗi gaskiya. Abin hannuna ne ya ƙare, na lallaɓo Kwanar Dangora da tsakar rana don in karɓi wani abu wurin Gambo in wuce gaba. Ban san an riga an kama shi ba, ya kuma ambaci sunana tun a tambayar farko. Ina isa rumfar wasu mutum biyu da ke zaune a benci suka miƙe. Aka sa mini ankwa a gaban 'yan tasha da masu shago, mutanen da suka saba kirana Injiniya. Aka bi da ni ta gaban shagon Yaya, yana rufe da kwaɗo.

A kotu na amsa laifina duka. Da Malam Isiyaku ya zo kan labarin Lawan, sai ya tsaya ya cire tabarau ya goge. Bai kalle ni ba. Alƙali ya ce doka a kan kayan da na sata za ta hukunta ni, sauran kuma tsakanina ne da Ubangijina. Ya yanke mini shekara uku.

Ba zan yi muku dogon bayanin gidan yari ba. Wuri ne da mutum yake koyon darajar buɗe ƙofa da hannunsa. Mu da yawa a ɗaki, zafi, kuɗin cizo, gabzar da ko kare zai shinshina ya wuce. Na yi ƙazuwa har fatata ta sake launi. Abokan da na riƙa bai wa lambar sirri babu wanda ya taɓa leƙo ni. Yaya bai zo ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Inna ta zo sau ɗaya, bayan wata biyar. Ta rame, ta tsufa fiye da shekarunta. Ta zauna a gabana ta ajiye ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Ban zo faɗa ba. Na zo in ga ko kana da rai. Matar yayanka ta sauka, namiji. Ya rufe shagon, babu mai kiransa aiki. Achaɓa yake yi yanzu."

Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni na yafe maka, don ni na haife ka, ba ni da yadda zan yi. Amma akwai waɗanda ba su haife ka ba." Ta tashi ta tafi tun kafin gandiroba ya ce lokaci ya yi.

Akwai wani dattijo a cikinmu da yake jan mu salla, ya yi karatu sosai kafin ƙaddara ta kawo shi. Wata rana na ba shi labarina tun daga farko. Na tambaye shi ko ni na kashe Lawan. Ya ce a'a, ajali na Allah ne, kada in ɗora wa kaina abin da ba nawa ba. Sannan ya ce, "Amma wanda yake naka ma ya ishe ka. Allah yana yafe abin da ke tsakaninka da Shi idan ka tuba. Haƙƙin mutum kuwa sai ka je ka tsaya a gabansa." A wurinsa na koma karatun da na watsar, kuma tun daga lokacin na ƙudurta inda zan fara zuwa idan na fita.

Ranar da aka sake ni babu wanda ya zo tarbata. Na hau mota zuwa Kiru. Na tarar da Yaya a zaure yana gyara birkin mashin. Ya yi furfura a gemu. Na durƙusa a gabansa. Ya ci gaba da aikinsa har ya gama, ya goge hannu, sannan ya ce, "Tashi. Shiga ka gai da Inna." Bayan kwana uku na ce masa ina so in je garin nan na bayan Riruwai. Ya dube ni ya ce, "Idan ka je kai kaɗai ba za ka dawo da ƙafarka ba. Ni zan kai ka."

Ya ɗauke ni a mashin tun daga Kiru har muka tsallaka rafin. Mun tarar an sa wata ƙaramar eriya a kan ƙarfen, an zagaye gindinsa da waya mai ƙaya. Malam Isiyaku ya amsa sallamar Yaya, ya ba shi hannu. Ni ya dube ni kawai, ya ce mu biyo shi. Samari suka fara taruwa, ya ce su koma.

Iya Tasalla tana zaune a ƙofar ɗakinta, ƙafar ta hana ta fita yanzu, idonta ma ya yi rauni. Malam Isiyaku ya gaya mata ko su wane ne. Na durƙusa nesa da tabarmarta na ce, "Iya, ni ne na ɗauke eriyar. Na zo neman gafara."

Sai ta lalubo wayar daga cikin zaninta ta miƙa wa Malam Isiyaku ta ce, "Sa masa saƙo na huɗun."

Muryar ta fito a hankali, ta mutumin da numfashi yake yi wa wuya. Yana cewa, "Iya, Lawan ne. Ina ta kira ba ya shiga. Ina asibiti, amma kada ki damu. Idan kin ji wannan ki kira ni ko da minti ɗaya ne, ina so in ji ki. Abin da na yi miki tun ina yaro ki yafe mini, Iya." Sai tari, sai saƙon ya ƙare.

Ban san lokacin da na kifa goshina a ƙasa ba. Yaya ya juya ya kalli bango.

Tsohuwar ta ce, "Ko ƙarfen nan yana nan Lawan zai tafi, kwanansa ne ya ƙare. Na san wannan. Amma da na ce masa na yafe, ya ji da kunnensa. Kullum sai na faɗa wa wayar nan, ba ta kai masa." Ta gyara zama. "Na yafe maka, don ina so a yafe wa ɗana. Amma kada ka ƙara zuwa garin nan ina da rai. Ba na son jin muryarka."

Na ce, "Na gode, Iya."

Har mun miƙe ta ce wayar ta tsufa, an ce mata idan ta mutu muryar za ta ɓace, ko akwai dabara. Na buɗe baki zan ce zan iya, ta ce, "Ba kai ba. Yayanka." Yaya ya zauna a bakin tabarmar ya kwafe saƙonnin ya sa a wayar Malam Isiyaku da wani ɗan katin ajiya na waya, ya naɗe katin a takarda ya sa mata a tafin hannu. Ni ina tsaye a waje ina jira.

Yau ina aiki a lambun tumatir na wani maƙwabcinmu, da rani kuma in yi dako a kasuwar hatsi. Yaya ya fara samun ƙananan ayyuka jefi-jefi, amma ba ya tafiya da ni, ni ma ban taɓa roƙonsa ba. Ɗansa yana kirana Baffa, bai san komai ba tukuna. Wata rana zai sani, kuma na fi so ya ji daga bakina.

Ku matasa, musamman ku da Allah ya ba basirar waya da kwamfuta, iyayenmu ba su san abin da kuke taɓawa ba. Suna miƙa muku waya su ce ku duba musu, suna buɗe muku ƙofa, suna yarda da duk abin da kuka ce domin ba su da hanyar ganewa. Wannan rashin sanin nasu amana ce a wuyanku. Idan aboki ya ce muku me zai ragu, ku tashi daga wurin. Idan kun yi ƙarya ta wuce lafiya, ku ji tsoro a ranar, ku koma ku faɗi gaskiya tun abin yana ƙarami, domin ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita daga baki. Kada ku ce ƙarfe ne kawai, ko waya ce kawai, ko iska ce. Ni ma haka na ce. Ba ku san wanda yake zaune yana jiran kira ba, ba ku kuma san wanda yake can yana kira ba.

Wanda ya karanta wannan, ba na roƙonsa ya tausaya mini. Idan yana da addu'ar da zai bayar, ya yi wa tsohuwar nan, Allah ya ba ta haƙuri. Ya kuma yi wa Lawan, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa haɗuwa da shi ba, amma har in mutu ba zan manta muryarsa ba.